Takalman Bakin Ƙofa a Tsibirin Pinang

Shekara guda na yi a Kuala Lumpur ina karanta labarin wani tsibiri da ban taɓa taka shi ba. Ba ni na zaɓe shi ba. Da na je yin digiri na biyu a fannin nazarin yawan jama'a, abin da ke raina shi ne in rubuta a kan garinmu Malumfashi, yadda ya cika ya batse a kan idonmu. Malamar da aka ba ni ta duba aikina, Dakta Rosnah, ta saurare ni har na kai ƙarshe, sannan ta ce ba ta da hanyar tabbatar da duk abin da zan kawo mata daga Najeriya. Ta ce tana da wani aiki a hannu a kan tsibirin Pinang, wanda aka fi sani da Penang, in shigo in ɗauki wani ɓangare. Na ce to. Ni mutum ne mai saurin cewa to, musamman idan abin bai kwanta mini ba.

Tsibirin ƙarami ne, tsakiyarsa duwatsu da daji, saboda haka mutane suka matsu a gefen teku, da ƙasa ta ƙare sai gini ya miƙe sama. Sinawa ne suka fi yawa a cikinsa, sai Malayu, sai Indiyawa, ga kuma jikokin Larabawa da na mutanen ƙasashen Siyam da Myanmar da suka zo fatauci tun zamanin kakanni suka zauna. Amma a takardar gwamnati duk wannan tarin jama'a gida huɗu aka yi masa: Melayu, Cina, India, sai lain-lain, wato da sauransu. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki, domin a ƙidayar da na taso na gani a gida ko tambayar ƙabila ba a yi ba, don gudun fitina. A can kuwa ko katin ɗakin karatu za ka karɓa sai ka faɗi gidan da kake. Ni kullum a na huɗu nake sa alama.

Aikina shi ne in je dogayen benayen da ke kudancin tsibirin, kusa da masana'antu, in shiga gida ɗari biyu da takardar tambayoyi: mutum nawa ke kwana a nan, wace ƙabila ce, wane harshe ake yi a gida. Bizata ta karatu saura mata wata biyu. Makaranta ba ta neman sabuntawa sai malamarka ta sa hannu cewa aikinka yana tafiya, ita kuma Dakta Rosnah ta faɗa mini a fili cewa sai ta ga takardun nan ɗari biyu a kan teburinta. Idan babu, sai gida, ba digiri.

A unguwar Danau Kota ta Kuala Lumpur nake zaune, a hawa na sha bakwai. Kafin in sami ɗakin na buga waya wurare da yawa. Da zarar an ji muryata sai a tambayi ƙasata, in na faɗa sai a ce an riga an kama. Wani ma bai ɓoye ba, ya ce mai gidan ba ya son mutanen Afirka, ya ƙara da ba ni haƙuri cikin ladabi. Wanda ya ɗauke ni daga ƙarshe Yohanna ne, mutumin Pankshin, ya girme ni da kusan shekara goma, yana aiki a wani kamfanin amsa waya. A masallacin Juma'a wani ya haɗa ni da shi, ko da yake shi coci yake zuwa. Ranar da na kai kayana ya dubi akwatin littattafaina ya ce, "Kai Malam, wannan karatu ka zo yi ko shago za ka buɗe?" Tun daga ranar yake ce mini Malam Ƙidaya, ni kuma ina ce masa Yaya.

Ban iya Malayanci ba sai na sayen abinci: makan wato ci, tapau wato a ƙunsa mini, boleh wato zai yiwu, da tak boleh, ba zai yiwu ba. Sinanci kuwa ko gaisuwa. Don haka muka yi yarjejeniya da wani ɗan ajinmu, Hafiz, ɗan ƙasar, wanda lissafi ke ba shi tsoro. Ni zan yi masa duk nazarin alƙaluman aikinsa, shi kuma ya raka ni tsibirin mako uku, ya riƙa ƙwanƙwasa ƙofa yana yi mini tafinta. Na cika nawa alkawarin. Mako biyu na zauna a kan aikinsa, har kurakuran da ya yi wajen shigar da bayanai na gyara masa ban faɗa masa ba, don kada ya ji kunya.

Ranar tafiya na isa tasha da wuri, na riƙe masa kujera kusa da taga. Mota ta kusa tashi saƙonsa ya shigo: kakarsa ba ta da lafiya a ƙauye, in yi gaba, zai same ni jibi. Jibi ta zo ya ce ƙarshen mako. Daga nan ya daina amsawa. Ban taɓa tambayarsa kakar ba, shi ma bai sake ambatarta ba.

Da jirgin fito na tsallaka. Daga kan ruwa na hango benayen a jere a gindin duwatsu, farare, kowane da ɗaruruwan tagogi da shanya a jikinsu. Na san sunayen unguwannin tun daga littafi, na san wace ƙabila ta fi yawa a kowace. Na tsaya a gefen jirgin ina faɗa wa kaina sunayen kamar mai bitar hadda, na ji wani daɗi da ban sake jin irinsa ba a tafiyar.

Na kama gado a wani ɗakin baƙi mai gadaje shida. Washegari na sa farar riga, na rataya katin makaranta a wuya, na ɗauki wasiƙar Dakta Rosnah a cikin leda. Mai gadin benen farko ya juya wasiƙar gaba da baya, ya rubuta lambar fasfona, ya bar ni na hau.

Kowane hawa doguwar baranda ce, ƙofofi a jere hagu da dama. Kowace ƙofa biyu ce: ta katako a ciki, ta ƙarfe mai raga a waje da kwaɗo. Saboda zafi, da yawa suna barin ta katakon a buɗe, kana iya hango falo da fanka tana juyawa. Na tsaya a ƙofar farko na yi gaisuwar da na haddace. Wata mata ta leƙo daga kicin, ta gan ni, ta taho da sauri. Na ɗauka buɗewa za ta yi, har na fara ciro takarda. Ta tura ƙofar katakon ta rufe, na ji ƙarar sakata.

Haka aka yi ta yi. Wani ya ɗaga mini hannu daga kan kujera yana girgiza kai, bai ko cire ido daga talbijin ba. Wata ta janye jikarta daga bakin raga. Wani dattijo ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce da Turanci, "Ba na sayen komai." A hawa na shida wani ya kira mai gadi, ya hau ya sake duba wasiƙar da ya duba da safe. A ranar farko gida biyu na samu. Na ci shinkafa da miyar kifi a wani shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi, ina ci ina tuna tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya ta Inna. Da ta kira ni da yamma ta ce, "Habibu, ana ta karatu ko?" Na ce ana ta yi, Inna.

A kwana na biyar na rubuta wa Dakta Rosnah doguwar wasiƙa, na faɗi komai: Hafiz, sakata, mai gadi. Na karanta na ga kamar ina kai ƙarar mutanen ƙasarta wurinta. Na goge. Na aika layi ɗaya, cewa ana ɗan samun wahala wajen buɗe ƙofa. Ta amsa da layi ɗaya ita ma: in riƙa murmushi, mutanen Pinang suna da kirki, boleh.

Akwai masu kirkin kuwa. Wata tsohuwa Ba'indiya a hawa na tara ta buɗe kwaɗonta tun ban gama gaisuwa ba. Ta zaunar da ni, ta kawo shayi mai madara da citta, ta amsa tambayoyina duka har da waɗanda ban yi ba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu suna Singafo, ita kaɗai ce sai kyanwa.

"Kai kaɗai suka turo?" ta tambaye ni.

Na ce da abokin tafiya, bai samu zuwa ba.

"Malamarka ba ta da hankali," in ji ta, kamar tana faɗin farashin albasa. "Namiji, shi kaɗai, baƙo, baƙi. Ni ma da ka zo shekara ashirin da suka wuce ba zan buɗe ba. Yanzu me za ka ɗauka a nan? Kyanwar?"

Ta raka ni ƙofa uku na maƙwabtanta, ta tsaya a gabana tana magana, aka buɗe. Sai gwiwarta ta fara ciwo ta koma. Kwana goma sha ɗaya na yi ina hawa da sauka, na sami gida talatin da ɗaya.

Takalman na fara lura da su tun ranar farko, don idan an rufe maka ƙofa ƙasa kake kallo. A can ba a shiga gida da takalmi, a bakin ƙofa ake barin su, wasu a kan ɗan kanta, wasu a zube. Ni kuma na taso a gidan da ba a tambayar wa ke wurin Baba. Takalman bakin zaure ake dubawa. Tun ina ƙarami na san sau-ciki na Liman da takalmin fata na Kawu Sule, in na ga takalmi shida na san kwano nawa za a fitar. Ban taɓa kuskure ba.

Su ma ƙofofin suna magana. Ta Sinawa za ka ga ɗan jan akwati a manne a bango da tokar turaren tsinke a ciki, ko jar takarda mai rubutun zinariya a saman ƙofa. Ta Indiyawa da ganyen mangwaro a zare, ko hoton abin bautarsu, wani lokaci da zanen garin shinkafa a ƙasa. Ta Malayu da sallama ko Ayatul Kursiyyu a rubuce da Larabci.

Na sayi sabon littafi mai bangon kwali, na ja layuka da rula. Lambar ƙofa. Alamar da ke jikinta. Takalma da safe. Takalma da yamma. Na kafa wa kaina ƙa'ida don kada in ƙirga mutum ɗaya sau biyu: in raba takalman bisa girma, domin mai silifas shi ne mai takalmin fita idan tsayinsu ɗaya. Da birona nake awo, in durƙusa kamar ina ɗaure igiyar takalmina. Takalmin makaranta yaro ne. Silifas mai taushi da ya lotse a dunduniya tsoho ne. Kafin in yarda da hanyar sai da na gwada ta a gidajen nan talatin da ɗaya da na san amsarsu, ta fito daidai kusan a duka. Na ji kamar na gano wani abu. Na ce wa kaina wannan ba ƙarya ba ce, lura ce, kuma lura ma hanya ce ta bincike, akwai ta a littafi.

Abin da ba ya cikin littafi shi ne abin da na yi bayan haka. Kowace yamma sai in zauna a shagon mamak ɗin nan in kwashe abin da ke cikin littafina in zuba a takardun tambayoyi, kamar da bakinsu mutanen suka faɗa mini. Inda aka ce wane harshe ake yi a gida, sai in rubuta wanda ya dace da ƙofar. Ina canza biro, shuɗi yau baƙi gobe. Wannan canza biron shi ne abin da har yau ba na son tunawa, domin mai lura ba ya buƙatarsa.

Cikin kwana tara na cika ɗari biyu.

Ranar ƙarshe bayan la'asar na koma bene na uku don in sake duba wasu ƙofofi da na sa wa alamar tambaya. A hawa na sha ɗaya akwai wata mai jan akwati da turare sabon kunnawa, da silifas ƙafa biyu a waje, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Na riga na rubuta ta: Sinawa, mutum biyu, miji da mata, tsofaffi. Ina tsaye a gefe ina duba littafi sai aka buɗe kwaɗon daga ciki. Wani saurayi ya fito da rigar masana'anta mai ruwan toka, takalminsa a hannu. Wani ya biyo shi, shi ma takalmi a hannu. Sai wani. Ba mai magana. Kowa ya taka a hankali da safa zuwa bakin matakala, a can ya zauna ya sa takalminsa. Na ƙirga tara. Ta cikin ragar na hango katifu a jingine da bango, da wasu mutanen kwance a ƙasa waɗanda da alama yanzu suka dawo.

Na ƙarshensu ya tsaya yana kallon katin wuyana. Fuskarsa ta canza. Ya ce da guntun Turanci, "Ofis?"

Na ce a'a, ɗalibi ne. Na nuna masa fatar hannuna na ce, "Najeriya."

Ya yi ajiyar zuciya, ya yi dariya kaɗan. Ya ce shi ɗan Nepal ne. Akwai 'yan Bangladesh a ƙofa ta gaba, 'yan Myanmar a sama. Na nuna jan akwatin. Ya ce na mai gidan ne, Basine ne, yana zaune a wani wuri, ya ce su riƙa kunna masa turaren kowace safiya. Na nuna silifas ɗin.

"Wannan na maƙwabta ne," ya ce. Da ya ga ban gane ba ya ƙara bayani da hannu da baki. Dokar benen ba ta yarda mutane da yawa su zauna a gida ɗaya ba. Maƙwabta suna ƙirga takalma, in sun ga sun yi yawa su kai ƙara ofis. Don haka suka ajiye ƙafa biyu a waje, ba na kowa ba ne, a kasuwa aka saye su saboda wannan. Nasu a ciki suke, a cikin buhu.

Na tambaye shi gida nawa ne haka a benen. Ya ɗaga kafaɗa, ya zana da yatsa daga sama har ƙasa. Motar kamfaninsu ta yi oda a ƙasa. Ya zaro wata ƙaramar ayaba daga aljihun rigarsa ya ba ni, ban san dalili ba, wataƙila yadda fuskata ta koma ne. Ya gangara da gudu.

Na zauna a kan matakalar da suka tashi. Na buɗe littafin daga farko. Duk inda na ga silifas ƙafa biyu da ba sa motsi safe da yamma, a wuri ɗaya, a jere tsaf, na sa ɗigo. Da kaina na rubuta cewa ba sa motsi, na ma yaba wa tsofaffin da tsafta. Ɗigon ya yi yawa har na daina.

A Danau Kota na tarar Yohanna ya yi miyar gyaɗa da alayyahon da yake sayowa a kasuwar Chow Kit. Ya bar ni na ci na ƙoshi, sannan na faɗa masa komai. Ya yi dariya har da tari.

"Wato Malam Ƙidaya, ka je ka auna takalmin da ba shi da ƙafa."

Ban yi dariya ba. Ya share idonsa ya gyara zama.

"To yanzu wa ya sani?"

"Ni."

"Bayan kai."

"Babu."

"To shi ke nan mana. Ka kai mata ɗari biyunta. Ni da kake gani na yi wa wata ƙungiya aikin ƙirga gidajen sauro a ƙauyukanmu. A gindin mangwaro muka cika rabin takardun, muna shan kunu. Har takardar yabo aka ba mu."

"Yaya, mutane ne a ciki. Sun fi goma a gida ɗaya. Na rubuta tsofaffi biyu."

"Su suka ce ka rubuta su? Ba ɓuya suke yi ba? Kai in ka rubuta su ma cutarsu za ka yi." Ya nuna ƙofarmu da cokali. "Mu nan mu nawa ne?"

"Biyar."

"A takardar mai gida fa?"

Bai jira in amsa ba.

"Biyu. Ni da wani Emeka da ya koma gida tun kafin ka zo. Kai kanka ba ka nan, Malam. Wanda ba ya nan ne zai damu da waɗanda ba sa nan?" Ya sassauta murya. "Ka ji ni. Tsohuwarka tana can tana gaya wa mutane ɗanta yana Malesiya. Ka karɓi takardarka ka tafi. In ka zama furofesa sai ka dawo ka ƙirga su da ƙafafunsu."

Na bi maganarsa rabin hanya. Na shigar da takardun duka a kwamfuta, kwana huɗu ina yi. Jadawalin ya fito da kyau ƙwarai. Sinawa a sama, Malayu na biye, Indiyawa na uku, daidai da abin da duk littattafan da na karanta suka ce. Dole ya yi daidai, tun da daga littattafan na koyi abin da zan gani. A layi na huɗu, na lain-lain, babu ko mutum ɗaya. Unguwar da motocin kamfani ke kwasar ma'aikata safe da yamma, ni da na tsaya na ga tara sun fito daga ƙofa ɗaya, na kawo sifili. Na san Dakta Rosnah za ta karɓa. Na san kwamitin ma zai karɓa, don ba wanda ke neman mutanen nan a jadawali.

Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni ba, don da shi ne da tun a shagon mamak ya hana ni. Abin da ya fi damuna shi ne lambar ba daidai ba ce. Ni ko waƙafi na gani ba a wurinsa ba sai na tashi na gyara. Na kasa haɗiye wannan sifilin.

Ranar Litinin na je ofishinta da abu uku: takardu talatin da ɗaya a ɗaure daban, sauran a ɗaure daban, da littafin. Na tsaya, ta ce in zauna, na zauna a bakin kujera. Na yi bayani ina kallon teburin. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ɗauki littafin ta fara buɗawa shafi-shafi, ta daɗe a kan shafukan masu ɗigo.

"Rubutunka yana da kyau," ta ce.

Na ce na gode.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba a buɗe maka ƙofa?"

"Na rubuto, Dakta."

"Ka ce ana ɗan samun wahala. Kowa yana ɗan samun wahala, Habib." Ta cire tabarau ta ajiye. "Hafiz fa? Ya ce mini kun je tare mako guda, kai ka ce za ka iya sauran."

Ta jira. Na ce, "Kakarsa ba ta da lafiya."

Ta ɗora hannu a kan babban ɗaurin. Ta ce da na kawo mata littafin kaɗai, da akwai magana. Amma na cika takardu da sunan mutanen da ban yi magana da su ba, na kuma canza biro, ta lura. Wannan yana da suna a dokar makaranta, kuma tun da ta ji da kunnenta ba za ta iya yin kamar ba ta ji ba. Ta ce alfarma ɗaya za ta yi mini: ba za ta kai ni kwamitin ladabtarwa ba. Za ta rubuta cewa aikin bai kai yadda ake so ba. Amma takardar biza ba za ta sa mata hannu ba.

Na tambaye ta ko za a ba ni wata uku in koma da tafinta na gaske. Ta ce aikin nata na 'yan ƙasa ne, kuma lokacinsa ya ƙare.

Sauran kwanakin na yi su ne a layin ofisoshi, ina karɓar sa hannun sallama: ɗakin karatu, sashen ɗalibai baƙi, tsangaya. Hafiz ya gabatar da aikinsa a wannan watan, na ji an yaba wa babin alƙalumansa. Mun haɗu sau ɗaya a bakin lif, ya ce, "Bro, yaya Pinang?" Na ce lafiya lau. Yohanna bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya dai kai ni kasuwar Jalan Masjid India ya sa na saya wa Inna mayafi, ya ce kada in sauka hannu biyu a sake. Ita Inna na gaya mata an gama karatun, wanda gaskiya ne ta wata fuskar.

Sa hannu na ƙarshe na Dakta Rosnah ne. Na je ana gobe zan tashi. Ta sa hannun ba tare da ta karanta ba, ta yi mini fatan alheri. Na kai bakin ƙofa ta kira ni.

"Habib, littafin nan naka yana tare da kai?"

Yana cikin jakata. Tun daga tsibirin ban rabu da shi ba.

"Ina ta tunanin ƙofofin nan masu silifas biyu," ta ce. "Ba wanda ya taɓa rubutu a kansu. Ina da wata ɗaliba da za ta fara a zango mai zuwa, 'yar Pinang ce, za a buɗe mata. Kai ba abin da za ka yi da shi a Najeriya, ko?"

A cikin littafin akwai lambar kowace ƙofa, hawa-hawa, da ɗigo a gaban waɗanda ke ɓuya. Na tuna saurayin da ya tambaye ni ko daga ofis nake, na ce masa a'a. Amsar da ya kamata in ba ta tana bakina, gajeriya ce, na ma iya ta da Malayanci.

Na buɗe jaka na ciro shi. Na miƙa mata da hannun dama, na tallafe gwiwar hannun da na hagu, yadda suke yi wa manya a can. Ta karɓa ta sa a aljihun tebur ta tura. Ni ne ma na ce na gode.